Injin Sauya Zafi: Yadda Ake Gano Ƙwayar Cuta Tun Tana Ɓoye

Jawabin wayar da kan jama'a, musamman 'yan kasuwa da direbobi da fatake mazauna Head Bridge a Anacha, da unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Anacha, wurin da ake kira Head Bridge, ya san irin zirga-zirgar da ake yi a wurin dare da rana. An kammala gadar nan a kan Kogin Kwara cikin 1965, kuma manyan motoci suna ta saukowa daga Arewa, ɗauke da shanu da albasa da wake da tumatir da busasshen kifi, sa'an nan su juya da manja da garin rogo da sauran haja. A 2023 kuma aka buɗe gada ta biyu. Wannan kai da kawowa arziki ne ga ƙasa baki ɗaya. Amma fa hanyar da haja take bi, ita cuta take bi. Mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cuta a Bauci, ya wuce ta Makurɗi da Inugu lafiya lau, sai ya yi mako guda a Anacha kana zazzaɓi ya kayar da shi.

Saboda haka ne aka ga ya dace a bayyana wa jama'a wani inji da likitoci suke dogara da shi wajen gane irin cutar da ke jikin mutum. Sunansa injin sauya zafi, aikin da ake yi da shi kuwa shi ne wanda aka fi sani da gwajin PCR. Mutane da yawa sun ji sunan gwajin a zamanin korona, amma kaɗan ne aka yi wa bayanin abin da ke faruwa bayan an ɗebi jininsu ko majinarsu. In mutum ya fahimci aikin, ba zai ji tsoronsa ba, ba kuwa zai yi jinkirin zuwa ba.

ZAZZAƁI BA IRI ƊAYA BA NE

A kwanakin farko, zazzaɓin cizon sauro da taifot da zazzaɓin Lassa duk kamanninsu ɗaya: jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, gaɓoɓi su mutu. Ko ƙwararren likita ba ya iya rarrabe su da ido. Ga shi kuwa maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. A nan Head Bridge akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin magani na ƙasar nan, don haka samun ƙwaya ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne sanin wace cuta ake yi wa magani. Mai zazzaɓin Lassa da ya shafe kwana goma yana shan maganin cizon sauro ya ɓata kwanakin da suka fi tsada a rayuwarsa, gama maganin da likitoci suke ba mai Lassa, wanda ake kira ribabirin, ya fi amfani in an fara shi cikin kwana shida na farko.

Zazzaɓin cizon sauro yana da gwajinsa mai sauƙi, na ɗigon jini a ɗan allo, wanda ba ya wuce minti ashirin, ko kuma a duba jinin a madubin likita. Amma ƙwayoyin cuta irin na Lassa da Ebola da korona, waɗanda ake kira bairos, sun yi ƙanƙantar da madubin asibiti ba ya ganinsu, kuma a farkon ciwo ba su da yawa a jiki. To, yaya za a gane abin da ido ba ya gani, kuma bai taka kara ya karya ba wajen yawa? Amsar da masana suka samo ita ce a yi ta ninka shi har sai ya yi yawan da ba zai ɓoyu ba.

RUBUTUN DA KE CIKIN KOWANE MAI RAI

Kowane mai rai, mutum ne ko saniya ko dawa ko ƙwayar cuta, yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa, wanda ya gada daga iyayensa. Masana suna kiran wannan rubutu DNA. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka biyu, siririya ƙwarai, kuma a 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana wannan siffa a Kambirij ta Ingila. Haruffan rubutun huɗu ne kacal, ana yi musu alama da A, T, G da C. Ka'idarsu kuwa ba ta sauyawa: duk inda A take a tufka ɗaya, T ce ke fuskantarta a ɗayar, duk inda G take kuwa, C ce abokiyar zamanta. Saboda haka in aka warware igiyar, kowace tufka ta isa ta nuna yadda za a sake gina 'yar'uwarta.

Rubutun ɗan Adam ya kai haruffa wajen miliyan dubu uku. Na ƙwayar Lassa bai fi dubu goma da 'yan kai ba, na korona kuwa wajen dubu talatin. A cikin rubutun kowace ƙwayar cuta akwai wata jimla da ba a samunta a wurin kowa sai ita, kamar yadda makiyayi yake gane saniyarsa da shaidar da ke jikinta ko a cikin garke dubu. Wannan jimla ita ake nema. Wahalar ita ce, a cikin ɗigon jini rubutun mai jinin ya rinjayi na ƙwayar cutar nesa ba kusa ba, tamkar a ce an jefa ƙwayar gero ɗaya a cikin rumbun dawa.

DABARAR NINKAWA

Wani masanin harhaɗa sinadarai mai suna Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ne dabarar ta faɗo wa cikin 1983. Ya ce maimakon a tsaya tonon rumbu, a sa ƙwayar geron nan ta yi ta haihuwar kanta, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, ita kuwa dawa tana nan yadda take.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane ƙarfin wannan lissafi. A ɗauka mutum ya fara jari da kwabo ɗaya, kullum jarin yana ninkuwa biyu. A rana ta goma yana da kwabo 1,024, watau naira goma da 'yan kai, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. A rana ta ashirin ya haura naira dubu goma. A rana ta talatin kuwa yana da kwabo 1,073,741,824, watau fiye da naira miliyan goma. Haka gwajin yake: in aka ninka guntun rubutu ɗaya sau talatin, ana iya samun kwafinsa fiye da miliyan dubu. Wannan dabara ta sa aka ba Mullis lambar girma ta Nobel a 1993.

Abin lura ga mutanen Nijeriya shi ne, rahoton farko da aka buga a kan wannan hanya, a mujallar Science cikin 1985, a kan ciwon amosanin jini ne, watau sikila. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a rubutun mai wannan ciwo, T ta zauna a gurbin A, kuma masu binciken sun nuna ana iya ninka wurin a gano sauyin. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da sikila. Gwajin jini na kafin aure da aka saba yi a asibitoci wata hanya ce dabam mai araha, amma inda ake bukatar a san halin ɗan tayi tun yana ciki, PCR ake komawa.

MATAKAI UKU NA KOWANE ZAGAYE

Ana haɗa kayan aikin ne a cikin wata 'yar kwalbar roba wadda ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, ruwan da ke ciki kuwa bai fi rabin ɗigo ba. Abu huɗu ne manya a ciki. Na farko, rubutun da aka tace daga jinin majiyyaci. Na biyu, wasu gajerun guntayen rubutu iri biyu masu haruffa wajen ashirin, waɗanda aka ƙera musamman don su dace da farko da ƙarshen jimlar da ake nema. A kira su 'yan jagora. Na uku, haruffan nan huɗu a warwatse, su ne tubalan gini. Na huɗu, wani sinadari mai suna folimares, wanda shi ne magini.

Mataki na farko, a ɗaga zafi zuwa digiri 94 ko 95 a ma'aunin Salshiyas, watau dab da tafasar ruwa. Zafin nan yana warware igiyar, tufka biyu su rabu.

Mataki na biyu, a sauke zafi zuwa tsakanin digiri 50 da 65. A nan 'yan jagora suke laluben wurinsu. In jimlar da ake nema tana nan, sai su manne a gefenta biyu. In babu ita, ba su da wurin kamawa, aiki ya tsaya ke nan.

Mataki na uku, a mai da zafi digiri 72. Magini ya tashi daga inda ɗan jagora ya tsaya, ya bi tufkar yana jera tubala, A gaban T, G gaban C, har igiya ɗaya ta zama biyu.

Wannan shi ne zagaye ɗaya, kuma ba ya wuce 'yan mintoci. Sai a sake komawa digiri 95, a yi ta maimaitawa sau talatin zuwa arba'in. Asirin aikin duka yana ga hawa da saukar zafi a kan ƙa'ida, ba ƙari ba ragi. In zafin mataki na biyu ya yi ƙasa, 'yan jagora sai su kama inda ba nasu ba. In ya yi sama, su ƙi kamawa sam.

Akwai ƙarin mataki ɗaya ga wasu cututtuka. Ƙwayoyin Lassa da Ebola da korona da ƙanjamau rubutunsu mai tufka ɗaya ne, ana kiransa RNA. Kafin a fara ninkawa, sai an sa wani sinadari ya juya shi zuwa DNA, kamar mai mai da ajami boko. A 1970 aka gano wannan sinadari, ta hannun Howard Temin da David Baltimore a Amurka.

DAGA TUKWANE UKU ZUWA INJI

A shekarun farko aikin wahala ne ƙwarai. Ma'aikaci yakan jera tukwanen ruwa uku, kowace da nata zafi, ya tsaya da agogo a hannu yana ciro kwalabe daga wannan yana tsomawa a waccan, na sa'o'i. Bugu da ƙari, maginin da ake da shi a lokacin ba ya jure zafi; da zarar an kai digiri 95 ya lalace, kamar yadda ƙwai yake daskarewa in an dafa shi. Dole a buɗe kwalba a ƙara sabo a kowane zagaye.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san maɓuɓɓugar Wikki, mai ruwan ɗumi wajen digiri 31, wanda ake wanka a ciki. A gandun dajin Yellowstone na Amurka akwai maɓuɓɓugai da suka fi wannan zafi ninki biyu da ɗoriya, waɗanda ke saluɓe fata. Cikin shekarun 1960 wani malamin jami'a, Thomas Brock, da ɗalibinsa Hudson Freeze suka tarar da wata ƙwayar bakteriya tana zaune lafiya a ruwa mai zafin digiri 70, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus a 1969. Tun da a cikin zafi take rayuwa, magininta ma ba ya tsoron zafi. A 1976 aka ware shi a Jami'ar Cincinnati, a 1988 kuma ma'aikatan Cetus suka buga rahoton amfani da shi a gwajin PCR. Daga nan sau ɗaya ake zuba magini, a rufe kwalba, ba a sake buɗewa sai an gama. Brock bai fita neman maganin wata cuta ba. Neman sani kawai ya kai shi bakin maɓuɓɓuga, ga shi yau ana cin moriyarsa a asibitocin duniya.

Da aka sami magini mai jure zafi, sai aka ƙera injin da zai ɗauke wa mutum jigilar kwalabe. A 1987 aka fara sayar da shi. Na zamanin yanzu girmansa bai fi ƙaramar akwatin tufafi ba. A cikinsa akwai faranti na ƙarfe mai ramuka, galibi 96, kowane rami da kwalbarsa. A ƙarƙashin farantin akwai wasu 'yan alluna waɗanda in wutar lantarki ta bi ta cikinsu ta wannan fuska sai su yi zafi, in aka juya ta sai su yi sanyi. Wani Bafaranshe mai suna Peltier ne ya gano wannan hali tun 1834. Murfin injin shi ma yana da zafi, ya ɗan haura digiri 100, don kada ruwan kwalba ya zama tururi ya taru a sama. Ma'aikaci yakan rubuta wa injin yawan zafi da daƙiƙoƙi da adadin zagaye, ya danna, inji ya ci gaba shi kaɗai.

Da can sai an gama a zuba abin da aka samu a wani faranti mai kama da daskararren kamu, a ja shi da lantarki, a duba ko layi ya fito. Cikin shekarun 1990 aka ƙara wa injin ido. Ana sa wani rini mai ƙyalli a kwalba, wanda haskensa ke ƙaruwa gwargwadon yawan kwafi, inji yana aunawa a kowane zagaye yana zana layi a fuskar kwamfuta. In hasken ya tashi da wuri, a ce a zagaye na ashirin, alama ce ƙwayar cuta tana da yawa a jikin majiyyaci. In sai wajen zagaye na talatin da biyar ya tashi, kaɗan ce. In bai tashi ba har ƙarshe, ba a same ta ba.

SHAIDU A KOWANE GWAJI

Abin da ya ba wannan gwaji ƙarfi shi ne kuma haɗarinsa. Tun da yana iya ninka abu kaɗan ya zama tuli, ɗan ɓurɓushin da ya fantsamo daga gwajin jiya ya isa ya sa a ce mai lafiya yana da cuta. Saboda haka ɗakin gwaje-gwaje na ƙwarai a rarrabe yake: ɗakin haɗa sinadarai dabam, na tace jini dabam, na inji dabam, kuma ma'aikaci ba ya komowa baya da riga ko safar hannun da ya shiga ɗakin ƙarshe da su.

Har ila yau, ba a gudanar da gwaji sai da shaidu. Akwai kwalbar da aka san lalle akwai rubutun cutar a ciki; in ba ta yi haske ba, an san sinadarai ko inji sun sami matsala. Akwai kwalbar da ruwa ne zalla. In ta yi haske, an san an sami gurɓata. Ko wanne ya faru, sai a zubar da sakamakon ranar duka a sake. Wannan yana cikin dalilan da sukan sa sakamako ya yi jinkiri. Aikin injin kansa sa'a biyu ne ko ƙasa da haka. Sauran lokacin yana tafiya ne a wajen kai jini cikin sanyi daga asibiti zuwa ɗakin gwaji, da kashe ƙarfin ƙwayar cutar don kare ma'aikata, da tacewa, da tabbatarwa.

ABIN DA INJIN YA YI WA ƘASAR NAN

A 1969, lokacin da wata baƙuwar cuta ta kama ma'aikatan jinya a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, da kuma Jos, sai da aka kai jininsu Jami'ar Yale a Amurka kafin a san ko mece ce. A can ma ta kama masu binciken, ɗaya ya rasu. Shekaru da yawa bayan haka, tabbatar da Lassa yakan bukaci a aika jini ƙetare, kafin amsa ta dawo majiyyaci ya warke ko an binne shi. A 2008 aka fara gwajin PCR na Lassa a Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo, tare da haɗin gwiwar Cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug a Jamus. Daga baya aka sami irinsa a Abakaliki ta Jihar Ebonyi, maƙwabciyar Inugu, da Owo, da Abuja, da Bauci. Watau mazaunin Anacha yana da ɗakin gwaji a yammacinsa, ƙetaren Kwara, yana da wani a gabashinsa.

Cutar ba ta bar kowane sashe ba. A Janairun 2018 ta kashe ma'aikatan lafiya a Abakaliki, a Janairun 2020 kuma ta kashe likitoci a Kano. A ɓarkewar 2018 jama'a sun tsorata, ana zaton wata sabuwar iri ce mai saurin yaɗuwa. Da masana suka ninka rubutun ƙwayoyin suka karanta shi, sai suka ga mafi yawan majiyyata daga ɓera suka ɗauka, ba daga junansu ba. Wannan sani ya nuna inda za a fi mai da hankali, watau tsabtar abinci da muhalli.

Mutanen Fatakwal ba za su manta da 2014 ba. Ran 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Da gwajin PCR aka tabbatar da cutar a ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, aka kuma ƙara tabbatarwa a Jami'ar Redeemer's. Wani da ya yi hulɗa da majiyyacin ya sulale zuwa Fatakwal a ɓoye, likitan da ya duba shi ya kamu ya rasu a watan Agusta. An bi sawun mutane kusan 900, duk wanda ya yi zazzaɓi aka gwada shi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a Nijeriya. A cikin wannan lokaci ne jita-jita ta bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne, har wasu suka rasa rayukansu. Gwaji ya ceci jama'a, ji-ta-ji-ta kuwa ta kashe waɗanda Ebola ba ta ko kusance su ba.

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mai korona na farko a Nijeriya da wannan gwaji. A lokacin ɗakunan da ke iya yinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kafin annobar ta lafa, an kafa su a kusan kowace jiha, kuma injunan sun zama jari ga yaƙi da sauran cututtuka.

Ba a lokacin annoba kaɗai injin yake aiki ba. Tun Disamban 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani nau'insa mai suna GeneXpert don gano tarin fuka, watau tibi. Ana zuba kakin mai tari a wani ɗan ƙoƙo rufaffe, a saka a inji, cikin sa'a biyu ya faɗi ko akwai cutar, ya kuma faɗi ko irin mai bijire wa magani ce. Jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau shi ma da PCR ake duba shi yana da mako shida, domin gwajin da ake yi wa manya yana iya nuna shaidar uwa a jinin ɗa har wata goma sha takwas. Dabbobi ma ba a bar su a baya ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take amfani da wannan hanya wajen sa ido a kan cutar.

IYAKAR INJIN

Wajibi ne a faɗi abin da injin ba ya iya yi. Ba ya warkarwa. Nuni kawai yake yi. Ba ya gano sai abin da aka aike shi nema, don 'yan jagoran Lassa ba za su kama Ebola ba. Ƙwayar Lassa ma iri-iri ce, ta kudancin ƙasar nan ta ɗan bambanta da ta tsakiya da Arewa, shi ya sa masana suke sabunta 'yan jagora lokaci lokaci. In aka ɗebi jini da wuri ƙwarai, ana iya rasa cutar alhali tana nan, don haka in likita ya ce a sake gwaji bayan 'yan kwanaki, ba ruɗewa ya yi ba. Haka nan yana iya ganin ragowar ƙwayar da ta riga ta mutu a jikin wanda ya warke. Likita ne yake haɗa sakamako da halin majiyyaci ya yanke hukunci.

Injin yana bukatar wutar lantarki marar yankewa, da firji don sinadarai, da ƙwararrun ma'aikata. Saboda wannan ne masana a Japan suka fito da wata hanya cikin shekarar 2000, mai suna LAMP, wadda take ninka rubutu a zafi ɗaya, tsakanin digiri 60 da 65, ba hawa ba sauka, don a sami sauƙin kai gwaji ƙananan asibitoci.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

1. Duk mai zazzaɓi ya nemi gwaji kafin ya sha magani. In ya sha maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai ji sauƙi ba, ya koma asibiti, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da Lassa ta fi yawa.

2. Ya gaya wa likita gaskiyar inda ya fito da garuruwan da ya bi cikin mako uku da suka wuce, gama Lassa takan yi har kwana 21 a jiki kafin ta bayyana.

3. Kada a ɗora majiyyaci a mota a ce za a kai shi gida Arewa ya yi jinya cikin dangi. Tafiyar kwana biyu tana cinye lokacin magani, tana kuma jefa direba da fasinja da iyali cikin haɗari.

4. In ma'aikatan lafiya suka nemi jini ko kaki ko majina, a ba su. Ɗan kaɗan ne ake ɗiba, ba a sayar da shi, tsinken audugar da ake sawa a hanci kuwa sabo ne daga leda, ba ya ɗauke da cuta.

5. Mai tarin da ya kai mako biyu ya je a gwada kakinsa. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

6. A rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa ko a bakin titi, a toshe ramukan ɓera a rumfuna da ɗakunan ajiya, gama ta fitsari da kashin ɓera cutar take shiga abinci.

7. In wani ya rasu da zazzaɓin da ba a gane kansa ba, musamman in akwai zubar jini, a sanar da hukuma kafin a taɓa gawa. Ma'aikata suna da hanyar yin sutura cikin mutunci tare da iyali da malamai. Lambar Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ita ce 6232, kiran kuwa kyauta ne.

Ana roƙon sarakunan Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa da na tasha, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami karantawa ba. Baƙon da ya sauka a gari mai nisa yakan ji tsoron a tsare shi, ko a nuna shi da yatsa, ko hajarsa ta lalace yana kwance. In shugabanni suka tsaya masa, suka kula da kayansa, suka raka shi asibiti, ba zai ɓuya ba. Mafi yawan waɗanda suka kamu da Lassa suna warkewa, kuma wanda ya zo da wuri ya fi kowa rabo.

An ƙera inji, an horar da 'yan ƙasa masu sarrafa shi, an kawo shi kusa. Amma inji ba ya tashi ya je rumfar kowa. Sai an kawo masa jini a kan lokaci. Wannan kuwa aikin jama'a ne. Allah ya ba kowa lafiya, ya kai matafiya gida lafiya.